Riɗin namu ne, sunan da ke kan takarda na wani ne

Daga ƙarshen Oktoba, idan riɗi ya fara shigowa kasuwar amfanin gona ta Gadarif a gabashin Sudan, ba sai an gaya maka su wa ke kawo kaya ba. Da yawansu mu ne. Hausawan ƙauyukan bakin kogin Rahad da Dindir, da na wajen Sinnar da Mai Wurno, da na unguwannin Gadarif ɗin kanta, mu ne ke yanka, mu ɗaure dami, mu jingine shi ya bushe, mu kakkaɓe, mu ɗura a buhu. A cikinmu akwai dillalai, akwai masu motocin ɗaukar kaya, akwai masu shago da ke saye su ajiye sai farashi ya tashi. Amma bi buhun nan har Bur Sudan, ka duba takardar da za ta raka shi cikin jirgi zuwa Sin ko Turkiyya ko Jidda, da wuya ka ga sunan ɗayanmu a kai. Cinikinmu yana ƙarewa ne a bakin sikeli, ribar kuwa daga bayan sikeli take farawa.

Wannan abu yana damuna, domin mu ba baƙin fatauci ba ne. Kakanninmu sun taka daga Kano da Sakkwato da Katsina har bakin Bahar Maliya, suna saye da sayarwa a hanya don su ci su kuma biya kuɗin jirgin Makka. Waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 sun zauna bakin kogin Nil Azrak suka kafa garin Mai Wurno. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannunmu na cikin waɗanda suka tsince ta. Fiye da shekara ɗari ke nan muna cikin kayan da ƙasar nan ke fitarwa waje, amma har yau daga gindin tsani muke.

Idan aka tashi wannan zance a majalisa, amsar farko ita ce jari. Ta biyu ita ce gwamnati. Dukkansu gaskiya ne, zan kuma zo kansu. Sai dai a ganina akwai abin da ya riga su, wanda shi ne ke raba ƙaramin ɗan kasuwar da ya fitar da kaya sau ɗaya ya daina da wanda ya ɗore: iya kawo kaya iri ɗaya, a lokacin da aka yi alkawari, sau biyu, sau uku, sau goma. Mai saye a Istanbul bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, ba zai zo Gadarif ya duba buhu ba. An aika masa da samfuri cikin ƙaramar leda, ya auna, ya ce to. Abin da ya biya kuɗi a kai shi ne alkawarin cewa abin da ke cikin kwantena daidai yake da abin da ke cikin ledar nan.

Ka tsaya kusa da wakilin kamfani a kasuwa ka kalli aikinsa. Yana da ƙarfe mai rami da tsini, ya soka a cikin buhu, ba a bakinsa ba, a ƙasa ko a tsakiya. Ya zuba a tafin hannu, ya hura, ya baza da yatsa. Yana neman ƙasa, yana neman ɓawo, yana neman jan riɗi da ya ɓuya cikin fari. Ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya tauna, don ya ji ko danshi ya taɓa shi ko ya fara ɗaci. Ba ya yin minti ɗaya a buhu. Mai kaya yana tsaye yana rantsuwa, shi kuwa ya riga ya rage masa kuɗi a kowane kintari, ma'aunin da ake ciniki da shi a nan. Mun saba ɗaukar wannan a matsayin mugunta, wani lokacin ma muguntar ce, amma shi ma akwai wanda zai soka masa ƙarfe a can gaba. Kwangilar riɗi takan nemi tsabta ta kashi 99 cikin ɗari ko fiye, da danshin da bai wuce ƙa'ida ba. Turai kuwa tana sa ido musamman a kan riɗin Sudan saboda ƙwayar salmonela, wadda ke shiga kaya idan an shanya su a ƙasa inda dabbobi da tsuntsaye ke ratsawa. Gyaɗa ta fi tsanani. Dafin da fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da aka tara da danshi, wanda ake kira aflatoksin, Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 4 cikin biliyan ba a gyaɗar da za a ci kai tsaye. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jin sa. Buhu kaɗan da aka bari ruwan ƙarshen damina ya taɓa sun isa su sa a ƙi kwantena guda.

To ga lissafin da ke kashe ƙaramin ɗan kasuwa. Ƙaramar kwantena tana cin riɗi wajen tan 19, wato kintari ɗari huɗu da wani abu, tun da kintari kilo 45 ne ko kusa da haka. Mutum ɗaya daga cikinmu ba kasafai yake da wannan daga gona ɗaya ba. Sai ya haɗa daga nan da can, na wannan fari ne tas, na wancan da ƙasa, na wani ya kwana biyu a rumbu. Idan ya zube su wuri ɗaya, mafi munin cikinsu ne zai yanke wa sauran farashi. Babban kamfani yana da injin tankaɗe da na ware launi, yana da rumbun siminti, yana da mai kai samfuri ɗakin gwaji kafin hukumar ma'auni ta zo. Kuɗin waɗannan abubuwa kusan ɗaya ne ko kwantena biyu za ka fitar a shekara ko ɗari biyu. Shi ya sa babba yake ƙara girma, ƙarami kuma yake komawa dillalinsa. Wayo bai fi namu ba, yawa ne ya fi namu, kuma yawa abu ne da mutum ashirin za su iya haɗawa in sun ga dama.

Ƙaro ya fi kowane kaya nuna inda kuɗin ke tsayawa. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, Sudan ce ke ba da wajen kashi 70 cikin ɗari na ɗanyen ƙaron da ake cinikinsa a duniya. Manomin Kurdufan yana ɓare bawon dakwara, wadda a nan ake kira hashab, bayan ɗaukewar ruwa, ya jira makonni kafin ƙaron ya tsattsafo ya daskare, ya bi itace ɗaya ɗaya cikin ƙaya yana tsinta. Mata a rumbunan birnin Ubayyid su zauna a ƙasa suna warewa da hannu, manyan dunƙule masu haske gefe, gutsattsari gefe. Daga nan sai jirgi. A Faransa kamfanoni irin su Nexira da Alland & Robert ke narkar da shi, su tace, su busar ya zama gari, su sayar wa masu lemon kwalba da alewa da magani da lambar E414. Amfaninsa ya kai har Amurka da ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997 sai da ta buɗe wa ƙaro ƙofa. Daga 1969 zuwa 2009 kamfani ɗaya ne kawai doka ta ba wa ikon fitar da ɗanyen ƙaro, manomi na karɓar abin da aka ba shi. Da aka cire wannan shinge an samu masu saye da yawa, farashi ya ɗan gyaru, amma tsarin bai juya ba: mai tsinta ya fi kowa wahala, mai tacewa ya fi kowa riba.

Batun jari kuwa daga gona yake farawa, ba daga banki ba. Duk wanda ya yi noma a nan ya san shel. A watan Agusta gida ba hatsi, ga kuɗin nome, sai manomi ya je wurin mai shago ya karɓi kuɗi ko kaya a kan zai biya da riɗi idan kaka ta yi, a farashin da mai shago ya yanka. Wanda ya sayar da amfaninsa tun yana fure ba shi da dalilin tsayawa ya shanya a kan tamfol, ko ya ware fari da ja. Kayan ba nasa ba ne tun tuni. A nan ingancin da ake nema a Istanbul yake mutuwa. Bankin noma yana ba da rance ta hanyar salam, wato ya biya kuɗin amfani tun kafin kaka, amma manyan manoman injina masu takardar fili su ne a gaban layi, kuma sau da yawa kuɗin kan fito bayan lokacin shuka ya wuce.

Idan ka tsallake wannan ka kai ga samun mai saye, sai kuma tambayar yadda kuɗinka zai iso. An ɗage takunkumin Amurka a Oktoban 2017, an cire Sudan daga jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci a Disambar 2020, amma bankunan waje ba su manta da tarar kusan dala biliyan 9 da aka ci bankin BNP Paribas a 2014 ba, wadda hulɗa da Sudan na cikin manyan dalilanta. Tsoron bai gushe da sa hannu a takarda ba. Manyan 'yan kasuwa sun daɗe da samun mafita, suna da kamfani a Dubai ko Alƙahira da ke karɓar musu kuɗi. Ƙarami sai ya bi ta hannun wani, ya biya lada, ya kuma yi addu'a.

Ga gwamnati ina da magana ɗaya da ta fi sauran nauyi: a daina canza doka a tsakiyar kaka. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur, kowace gwamnati take rantsuwa da fitar da amfanin gona, amma aikinta yana karya rantsuwar. Shekaru aka yi ana tilasta wa mai fitar da kaya ya mayar da dalolinsa ta banki a farashin hukuma, alhali kayan ya saye su ne da farashin kasuwa. Ka tuna, ranar da aka karya darajar kuɗi a Fabrairun 2021, dala ta tashi daga fam 55 zuwa wajen fam 375 a banki. Wannan tazarar ce mai gaskiya yake biya daga aljihunsa kafin ranar. Ita ce kuma ta haifi warraƙa, masu buɗe kamfani a takarda su ba da hayar rajistarsu, a fitar da kaya da sunansu, kuɗin ya maƙale a waje, su kuma su ɓace. Su ne suka riƙa tsauwala farashi a kasuwa har wanda ke bin ƙa'ida ya kasa saye. A Afrilun 2020 ma'aikatar ciniki ta hana fitar da ɗanyar gyaɗa, da hujjar a matse ta a gida. Manufar ba ta da laifi, amma mutane na da kwangila a hannu, kaya na kan hanya. A Satumbar 2021 aka rufe hanyar gabas da tashar Bur Sudan fiye da wata guda saboda rikicin siyasa. Babban kamfani yana da lauya, yana da kitsen da zai jure asarar wata biyu. Mai kwantena ɗaya, wannan kwantenar ita ce duk abin da ya mallaka, har da gwal ɗin matarsa.

Jibayat kuwa, kuɗaɗen da ake karɓa a shingayen hanya da sunan jiha da ƙaramar hukuma da wasu da ba su da suna, kowane direba da ke bin kusan kilomita 800 daga Gadarif ta Kasala zuwa Bur Sudan zai iya ba ka labarinsu.

Dabbobi sun koya mana darasin da ya fi ciwo. Ragon Hamari na Kurdufan, wanda a kasuwannin Saudiyya ake kira Sawakini saboda tashar Sawakin da yake fitowa, ba shi da matsalar mai saye. Jidda tana tsallaken ruwa, ga aikin hajji da layya kowace shekara. Duk da haka Saudiyya ta rufe ƙofa a Oktoban 2019 da zazzaɓin Rift mai kama dabbobi ya ɓulla, kuma a 2020 an yi ta mayar da jirage cike da tumaki saboda gwaji ya nuna rigakafin da aka yi musu bai kama yadda ake so ba. Ragon da ya je Jidda ya dawo ya rame, wasu sun mutu a hanya, mai shi ya biya jirgi zuwa da dawowa. A Yunin 2022 jirgin Badr 1 ya nutse a Sawakin da tumaki fiye da 15,000, alhali an ce ƙarfinsa 9,000 ne. A duk waɗannan ba makiyayi ne ya gaza ba. Allurar da ba a adana da sanyi ba, da killacewar da aka yi wa ha'inci, da jami'in da ya kau da kai, su ne suka ci dukiyar mutane. Akwai aikin da ɗan kasuwa ba zai iya yi wa kansa ba komai ƙoƙarinsa, kuma ɗakin gwajin da ƙasashen waje za su yarda da hatiminsa yana cikinsu.

Yanzu bari in dawo gida, inda laifin namu ne. Muna da abin da 'yan kasuwa da yawa za su so su saya da kuɗi ba su samu ba. Kusan kowane gidan Bahaushe a Sudan yana da ɗan'uwa a Makka ko Madina ko Jidda, wasu an haife su a can, sun san kasuwa, sun san larabcin wurin, sun san abin da mai shago ke so. Muna da dangi a Kano, inda kasuwar Dawanau ke tara riɗi da zoɓo don fitarwa, mutanen da suka riga mu sanin wannan hanya. Me muke yi da wannan dangantaka? Ƙullin zoɓo da yajin agashe da man gyaɗa a jakar mai zuwa umara. Ciniki ne, yana ciyar da gidaje, ban raina shi ba. Amma ba zai taɓa hawa kantar babban shago ba, domin hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya tana son kaya mai rajista, da rubutun larabci a jiki, da ranar yi da ranar lalacewa. Zoɓon da mata ke ɓarewa da hannu a Kurdufan, wanda Jamus ke saye tana yin shayi da shi, za a iya wanke shi a ƙulla shi cikin leda mai suna a nan. Wannan ba ya bukatar masana'antar biliyoyi. Yana bukatar ɗaki mai tsabta, da sikeli na gaskiya, da mutum ɗaya da ya san takardu.

Abin da ke hana mu shi ne tsoron tarayya. Na ji wani saurayi da ya yi karatun lissafin kuɗi yana lallashin kawunsa a shago, su haɗa kai da wasu mutum biyar su yi rajistar kamfani, a rubuta kason kowa. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce: "Ɗana, ni da Alhaji tun muna yara muke ciniki, ko allura ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Yau in kai masa takarda in ce sa hannu? Ai sai ya ce na zarge shi." Yaron ya ce: "Kawu, ba don ku ba ne, don mu ne da za mu gaje ku." Dattijon bai amsa ba, ya ci gaba da jan carbi.

Na fahimci dattijon, kuma ba na ganin amanarsa abin dariya ce. Ita ce ta riƙe fataucinmu tun ba banki. Sai dai tana aiki ne tsakanin mutum biyu da suka san juna, kuma takan mutu tare da su. Mun sha ganin shagon da ya shekara arba'in ya watse a makon rabon gado, saboda babu wanda ya san bashin da ke ciki da wanda ke waje sai mamacin. Mai saye na waje ba zai ƙulla da irin wannan ba, banki ma haka. Rubutu kuma ba baƙon abu ba ne a gare mu: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Matanmu da ke adashi, wanda a nan ake cewa sanduk, sun fi mu riƙe wannan, domin uwar adashi tana da littafi, kowa ta san ranar kwasarta.

Na san wani zai ce, wa ke zancen kwantena ana yaƙi? A ranar 15 ga Afrilun 2023 Khartum ta tsaya, masana'antu da bankuna sun tafi, Wad Madani ta fita daga hannun gwamnati a Disambar 2023 sai a Janairun 2025 aka karɓo ta, Nuhud, cibiyar gyaɗa da ƙaro, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Mayun 2025. Mun binne 'yan'uwa, gidajenmu a Gadarif sun cika da masu gudun hijira. Ba na manta da wannan ko na minti ɗaya. Amma daidai saboda haka nake rubutu yanzu. Mai saye ba ya jira. Ƙaron da ake satar fita da shi ta iyakoki yana shiga kasuwa da sunan wasu ƙasashe, kamfanoni kuma suna ƙara dogara da Chadi da Najeriya. Riɗi ana samunsa a Habasha da Tanzaniya da Nijar da Najeriya, ga Brazil ta shigo da ƙarfi. Wanda ya saba da sabon mai kawo masa kaya shekara uku a jere ba ya komawa don an ce zaman lafiya ya dawo. Gabas kuwa tana aiki: ana noma a Gadarif, hanyar Kasala a buɗe take, jirage na tashi daga Bur Sudan da Sawakin. Wasu manyan kamfanonin da suka saba cika kasuwa sun raunana ko sun ƙaura, kuma za a cike gurbinsu, ko da mu ko babu mu.

Saboda haka ina kira ga masu shagunanmu na Gadarif da Sinnar da Kasala, tun kafin a yanka riɗin bana, mutum goma ko ashirin su zauna. Su yi rajista ɗaya, su yi hayar injin tankaɗe in ba za su iya saye ba, su raba wa manoman da suke hulɗa da su tamfol da sababbin buhuna, su kuma biya su ƙari a kan kowane kintarin da ya zo da tsabta, a faɗi ƙarin tun kafin shuka don mai shel ya rasa ta cewa. Takardu a damƙa su ga yaranmu da suka gama jami'a suke zaune, a biya su albashi, kada a ce ai ɗan gida ne. Kwantenar farko kada a kai ta Turai, inda kuskure ɗaya ke cinye komai. A fara da Jidda, inda jirgi ke isa cikin kwana ɗaya ko biyu, inda kuma akwai ɗan'uwan da zai tsaya a ga buɗe ta, ya kira ya faɗi abin da mai saye ya ce game da kayan.